Kusurwar da Baffa Ya Ce a Bar Masa

A shekarun farin nan na saba'in ni direba ne. An kawo masu haƙar rijiyar burtsatse ƙasar Gumel, aka haɗa ni da wani injiniya Bature in riƙa tuƙa shi. Mutumin Bulgariya ne, ƙasar da ban taɓa jin sunanta ba sai a bakinsa. Gajere ne mai sanƙo, ga son dafaffen wake. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ana ganewa.

Wata rana muna dawowa daga Sule Tankarkar ya hango tudun kufanmu, ya ce in tsaya. Tsohon garin kakanninmu ne, an tashi daga cikinsa tun ba a haife ni ba, saboda ruwa ya yi nisa. Abin da ya rage shi ne ganuwar gabas da kusurwa ɗaya. Baffana, yayan mahaifina, shi kaɗai yake kula da ita. Duk kaka sai ya ɗora ruwa a jaki ya hau ya liƙe inda damina ta zaizaye. Kabarin mahaifinsa yana bayan ganuwar, babu alama a kansa, daga kusurwar nan yake ƙirga taku ya same shi. A gefensa yake so a sa shi, kowa a gidanmu ya sani.

Mun tarar da Baffa a can. Bayan gaisuwa Injiniya ya shafa bangon, ya ce su ma suna da irin wannan ganuwa a garinsu, sai dai tasu ta dutse ce, a kan tsauni, kogi ya zagaye ta gefe uku, hanyar hawa ɗaya tak. Ya tsuguna yana zana mana a rairayi. Sarakunansu na da suka gina ta a kan harsashin wata da ta fi ta tsufa. A ciki akwai ɗakunan mayaƙa, da rumbuna, da coci, da wani babban rami da aka fafe a dutse don tara ruwan sama. In yaƙi ya taso, mutanen ƙauye su kora dabbobinsu su shige a rufe ƙofa. Rumawa sun ƙwace ta, an ƙwato, sun sake ƙwacewa. Daga baya, kusan shekara ɗari shida ke nan, Turkawa suka zo suka zauna a gindin tsaunin har ruwan ramin ya ƙare.

Baffa ya ce, "Turkawan Santambul? Ashe 'yan'uwanmu Musulmi ne suka ci ku."

Injiniya ya yi dariya. "Baba, 'yan'uwanka ƙofa kawai suka ƙona. Saura mu muka cinye."

Ya ce da aka daina zama a ciki, sai mutanen gindin tsaunin suka riƙa hawa da amalanke suna sauko da duwatsun, tunda sassaƙaƙƙu ne, ba sai an sha wahala ba. Wannan ya yi ɗaki, wancan ya yi katanga. Garken tumakin kakansa ma da su aka gina. Yanzu abin da ya rage bai wuce gwiwa ba, masu ilimi suna zuwa suna tono, suna gardamar inda ƙofa take.

Baffa ya ce Allah ya kyauta, ya koma kan kwaɓinsa. Ni kuwa abu ɗaya na riƙe a duk labarin: kayan gini a ajiye, babu mai shi.

Ƙasarmu rairayi ce, ƙasar gini sai an yi tafiya. Ga fari ya koro mutane cikin Gumel da Maigatari, kowa yana neman inda zai sa kansa. Da aikin rijiyoyi ya ƙare Injiniya ya koma ƙasarsu, ni kuma na sami wata tsohuwar tifa. Magina suka ce babu kamar ƙasar ganuwa, an riga an kwaɓa ta da ciyawa, ta tsumu, tubalinta ba ya tsagewa. Na fara kwasar ganuwarmu ina sayar musu, daga can ƙarshe, nesa da kusurwar.

A mako na biyu Baffa ya hawo a jakinsa. Bai sauka ba.

"Ɗan nan, ina kake kai ta?"

"Maigatari, Baffa. Shaguna ake ginawa."

"Kakanninka a ka suka ɗauko ta."

"Ai shi ya sa bai kamata ta zauna a banza ba."

Ya dubi leburorina. Sannan ya ce, "Yanzu kai ne mai mota, ni mai jaki. Ka bar mini kusurwa."

Na ce na bar masa.

Rani biyu na yi ina kwasa. Da na iso kusurwar, na ga ta fi ko'ina kauri. Na ce wa leburori su sassaƙe bayanta kaɗan, ba za a gane ba. Ina tsaye aka yi, ba zan ɗora wa kowa ba. Damina ta zo ta kayar da abin da ya saura, masu jakuna suka kwashe, tunda ni ɗan gida na buɗe hanya. Na kafa wani guntun ƙarfen mota a wurin don alama, aka cire shi. Iska ta kawo rairayi ta shafe komai.

Lokacin idon Baffa ya tafi, ba ya iya hawa. In na je gaishe shi sai ya tambaya, "Tana nan?" In ce tana nan. Ya ce in kaka ta yi in liƙe masa ita. In ce to.

Ya rasu kafin shekarun saba'in su fita. Muka ɗauke shi muka hau tudun, jama'a suka tsaya suna dube-dube. Liman ya juyo gare ni ya ce, "Kai ka fi kowa sanin wurin nan. Ina ne?"

Tudun ya zama fili fetal, ko'ina iri ɗaya. Na zaɓi wani wuri na tsaya kamar na tabbata, na yi takun da na ga Baffa yana yi, na nuna. Aka haƙa. Ba a tarar da komai ba, ba a kuma ce mini komai ba. Aka sa shi, aka yi addu'a, har wasu suna sa mini albarka.

Yau na girmi Baffa na wancan lokacin. Na koma tudun ya fi a ƙirga, nasa kabarin ma ba na iya nunawa. Ina roƙa musu gafara, shi da mahaifinsa, daga inda na tsaya. 'Ya'yana sun tambaye ni ko can nake so a kai ni, na ce su sa ni a maƙabartar gari.