Ramin da Na Bari a Bayan Rumbun Inna

Ko zan manta komai na shekarun farin nan, ranar da na tsaya a bakin ramin domashin surukata ba za ta fita daga raina ba. Yau ina da jikoki, amma in na tuna sai kunya ta rufe ni kamar jiya aka yi.

Shekarata ɗaya ke nan da aure a wani ƙauye na ƙasar Gezawa. A wajenmu gona manne take da gona, babu dajin da ya rage balle a je neman saiwa. Inna, mahaifiyar maigidana, tun tana da ƙarfinta ta taho da domashi daga wajen danginta a Shanono, ta dasa a bayan rumbu. Wanda bai san shi ba zai ce ciyawa ce. Da damina yakan tashi har ƙugu, da kaka ya fitar da furanni shunayya masu ratsin fari kamar maɓallan riga, da rani kuma samansa ya bushe ƙayau alhali a ƙasa yana da rai. Saiwarsa ake jiƙawa a sha don ciwon ciki. Inna na da ciwon ciki mai taso mata lokaci-lokaci, kuma duk garin gindi ɗayan nan ne.

A kansa take alwala, ruwan da yake samu ke nan. In za ta ba wani, gefe ɗaya take tonawa da tsinke, ta yanki kamar yatsa, ta mayar da ƙasa ta danne da tafin hannu. Wannan gefen ba ta sake taɓa shi sai shekara ta zagayo. Tsakiyar kuwa, wadda take kira uwa, ko kusa ba ta zuwa. Ni a lokacin gani nake rowar tsofaffi ce kawai.

Damina biyu a jere gero bai yi ba. Mutane suka koma cin dusa da busasshen ganye, cikin yara da na manya ya rikice. Ana cikin haka aka aiko wan Inna ya rasu. Tana ɗaure kayanta ta ce mini, "Ga gida nan, ga domashina. Kowa ya zo ki ce sai na dawo."

Washegari maƙwabciyarmu ta shigo da goyo yana ta kuka. "Amarya, ki taimaka mini da ɗan kaɗan." Na tona na ba ta. Tana fita ta ce, "Ke kam hannunki a sake yake, ba kamar Inna ba." Wallahi maganar nan ta yi mini daɗi. Da tausayi a ciki, ban musa ba, amma son a yabe ni ya fi yawa. Labari ya zaga gari. Kafin kwana huɗu na ajiye tsinke na ɗauki fartanya, ina gaya wa kaina ai abin ma ya riga ya bushe. Matar da ta zo ƙarshe, uwar na ciro ɗungurungum na miƙa mata.

Bayan sadakar bakwai Inna ta dawo. Ta sha ruwa, ta ɗauki buta ta zagaya bayan rumbu don alwalar la'asar. Na jira in ji zubar ruwa, ban ji ba. Da na leƙa sai na same ta a tsugune, hannunta cikin ramin tana laluben ƙasa.

"Wa ya tone?"

"Ni ce, Inna. Mutane ne ba lafiya."

"Na sani. To baɗi in suka dawo, me za ki ba su?"

Ta zare hannunta daga ramin. Ta ce, "Ɗauki mayafinki, ki bi duk gidan da kika ba, ki roƙo abin da ya rage."

A wajenmu babu abin kunya irin ka bi bayan kyautarka. Waɗanda suka yabe ni su ne suka riƙa kallona sheƙeƙe. Wata ta ce, "Ashe aro kika ba mu?" Kowa ya riga ya jiƙa ya shanye. Sai a gidan ƙarshe, na matar da na ba uwar, kakar mijinta ta kira ni ɗaki. Ta tona yashin gindin randa ta ciro guntun kan saiwar, da idon tsiro ɗaya a jikinsa. Ta ce, "Da na gani na san ɓarna aka yi. Na hana su taɓa nan, ina jiran mai shi."

Muka dasa a ramin. Da bazara ciwon Inna ya tashi, babu abin jiƙawa. Ruwan kanwa take sha ta kwanta. Ina daka a tsakar gida ina jin nishinta, kuma ko sau ɗaya ba ta ce ni na jawo ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Da aka yi ruwan shuka, ganye uku suka leƙo. Na je da murna na ce ta bari in ɗan yanko mata.

Ta ce, "A'a, 'yar nan. Sai ya shekara biyu ya yi uwa. In na ci yanzu, na ci na mutanen gari."

Ta ga furensa da kaka, guda biyar, ta sa na kai mata tabarma kusa da shi. Rani bai ƙare ba ta rasu. Ba na cewa rashin domashi ne ya kashe ta, kwana ne ya ƙare. Amma watannin da ta yi tana juyi da ciki, hannuna ne ya jawo su.

Daga nan na gane cewa abin da na kira rowa shi ne kyautar gaske, domin Inna tana lissafi da marar lafiyar da bai zo ba tukuna. Ni kuwa na yi alheri da abin da aka ba ni amana, na karɓi yabo na kwana huɗu, tsohuwa ta biya da jikinta.