Amyar Malam Hambali

Ranar kasuwar Birnin Kudu na sayo zuma a kwalba, na shigo gida ina cika baki wai ni ba a cutata a ciniki. Munawwara, uwar 'ya'yana, ta lakata ta ɗanɗana, ta ce, "Malam, sannu da sayen sukari. Da ka faɗa ai da na narka maka a gida." Yara suka kwashe da dariya. Washegari na hau babur sai Basirka, don an ce mai neman zumar gaske ba ya wuce Malam Hambali.

Na same shi a bakin rafi yana saƙa amya, wato gangar ciyawar nan da ake shafa wa kashin shanu, a ɗora kan bishiya ƙudan zuma su tare. Dogo ne siriri, gemu fari fat, amma in ya kama reshe, biri ma sai ya tsaya kallo.

Da ƙuruciya ya yi ci-rani a Kurmi, can kudu, yana ƙwadago a gonakin koko. Ya ce ya shiga dajin da rana tsaka sai ka rantse magariba ta yi, ruwan sama kuwa ba ya jiran damina. Da ya sake komawa da furfurarsa, ya tarar an sare dajin, rafin da suke wanka ya zama hanyar babur. Ya dawo gida jikinsa a sanyaye.

Su ma mutanen Basirka suna da ɗan kurminsu a bakin rafi: kirya, kanya, marke, ɗinya. Inuwarsu ce ke riƙe ruwan har bazara, mata su ɗiba, shanu su sha. Sai ga masu gawayi da injin yanka itace, shugabansu wani Ashiru, idonsu a kan kirya, don gawayinta ba ya saurin cinyewa. Hambali ya roƙe su, suka ce daji na Allah ne. Ya ce, "Haka ne. To Allahn ne ya ce ku ƙarar?" Suka ci gaba da yanka.

To, a garin akwai al'ada tun kaka da kakanni: bishiyar da aka ɗora wa amya, ba a sa mata gatari sai da yardar mai amyar. Tsoho ya zauna saƙa ba ji ba gani. Duk kiryar da ta isa yanka, ya hau ya ɗaura mata ɗaya. Masu inji suka zo suka ɗaga kai, ko'ina amya reto take.

Ashiru ya kai ƙara gun mai unguwa. "Ranka ya daɗe, wayo ne! Rabinsu ko ƙuda ɗaya babu."

Mai unguwa ya dubi Hambali.

"Gidan da ba a tare ba," in ji tsoho, "rushe shi ake yi?"

Mai unguwa ya ce iyaye amya suka ce, ba su ce a leƙa ciki ba. Ashiru ya kwashi injinsa ya yi gaba. Bishiyoyin na nan tsaye, rafin da ruwansa, ƙudan zuma kuma suna ta tarewa ɗaya bayan ɗaya.

Ni da bakina ba ya shiru, da ya cika min kwalba sai na ce, "Baba, tsakani da Allah, wannan ba yaudara ba ce? Fanko fa kake ratayawa ana jin tsoro."

Bai ko ɗago ba. Ya ja igiya da haƙori ya ɗaure, ya ce, "Kai ma ga hula nan ka kifa a kai. Wa ya taɓa ɗagawa ya ga ko da wani abu a ciki? Kuma har yau ba a sare ka ba."