Kamakshamma, Mai Riƙon Wutar Gidan Sastri

Kafin gari ya waye sosai Kamakshamma ta riga ta yi wanka a bakin rijiya, ta shiga ɗakin wutar ibada da jiƙaƙƙen zane a jikinta. Takan durƙusa gaban murhu, ta tone toka da yatsa har ta ji zafi, ta ɗora busasshen kashin shanu, ta yi ta fifita, domin wannan wuta ba a hura ta da baki. Daga nan ta tatso madara ta ɗumama. Sai komai ya kammala mijinta, Narasimha Sastri, zai shigo da tsarkinsa, ya karanta abin da ya haddace na Veda, littattafanmu masu tsarki, ya zuba madara a wuta a matsayin hadaya daidai fitowar rana. Da faɗuwarta a sake. Shekara arba'in da uku aka yi ana haka, wutar ba ta taɓa mutuwa ba.

Kowa a ƙauyenmu ya san ƙa'idar. Maigida yana iya tafiya ziyara birnin Kashi ya yi wata, uwargida kuwa ba ta kwana nesa da wuta. Bikin ƙanenta bai gan ta ba. Ranar da aka ƙone gawar mahaifiyarta a ƙetaren kogin Godavari, tana gida tana sheƙar ƙaiƙayin shinkafa. Shekarar da kogi ya shigo gari, Sitamma mai wanki ta gan ta da idonta tana hawa tsani da tukunyar garwashi a ka, ruwa iya ƙugu.

To bara wata ƙungiya ta zo daga birni, ta yafa wa Sastri mayafi, ta rataya masa furanni. Shugabansu ya yi jawabin awa guda a kan malamin da ya riƙe wuta shi kaɗai. Shi kaɗai fa! Da aka zo ɗaukar hoto, wani mai tabarau ya dube ta ya ce, "Iya, ɗan matsa gefe, duk toka ce a zanenki. Kuma a ƙaro mana kofi." Ta matsa, ta ƙaro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma mu da muke tsaye a wurin babu wanda ya buɗe baki. Har yau abin yana ci mini rai.

Wata biyu da suka wuce aka aiko cewa ƙanwarta Rajyam, wadda ita kaɗai ta rage mata a ɗakinsu, tana kwance a ƙetare tana kiran sunanta. Wannan karon Kamakshamma ba ta nemi izini ba.

"Maigida," ta ce, "na bar uwata ta tafi ban gan ta ba. Ba zan bar Rajyam ba."

A yi wa Sastri adalci, bai hana ta ba. Amma da ta ce ya zo ta nuna masa yadda ake binne garwashi, sai ya yi dariya, ya ce wanda ya kafa wuta da hannunsa ba za a koya masa toka ba. Ta hau kwalekwale. Rajyam ta cika a rana ta biyu, kanta a kan cinyar yayarta.

Shi kuwa malam da ya gama hadayar yamma sai ya loda itacen mangwaro, wuta ta kama bal-bal, ya ji daɗi, ya rufe ƙofa. Bai lulluɓe ta da ƙaiƙayi ba, don bai taɓa sanin ana yi ba. Da safe ya sa hannu a murhu ya ji sanyi.

Ku ji ikon mutane. Mutanen da suka yi tafi bara su ne suka cika bakin rijiya da cewa mace ta bar wutar mijinta ta tafi yawo. Shekara arba'in da uku tana ci, wutar Sastri ce. Ta mutu kwana ɗaya, ta koma ta Kamakshamma. Da ta sauko daga kwalekwale idanunta a kumbure, labarin wuta aka fara ba ta kafin gaisuwar mutuwa.

Ta tarar da Sastri zaune a ƙofar ɗakin, ya kasa ɗaga kai. Ba ta yi masa gori ba, ba ta kuma ba kowa haƙuri ba.

"Na ga Rajyam da ranta," ta ce. "Ka kira malamai a kafa wata. Amma wannan karon za ka durƙusa kusa da ni ka koya."

Kuma yana durƙusawa, da shekarunsa saba'in da ɗaya, tana gyara masa hannu.

Ke ce uwar garwashi, Kamakshamma. Ke ce kika biya wannan wuta da bikin ƙanenki da fuskar mahaifiyarki, aka rubuta sunan wani. Mun gode, kuma ki yafe mana shirun da muka yi. Matasan da ke son ɗora wuta a gidajensu, ku fara da zama kusa da ita. Sauranku kuwa, ku koma gida ku dubi yatsun da ke tone muku toka kowace safiya, ku yi godiya tun murhun yana da zafi.