Jar Jarkar da Na Kai wa Mama

Ni na kawo jarkar nan gidanmu da hannuna, shi ya sa har yau idan na hango irinta a kasuwa nake kawar da kai. Ja ce, tana sheƙi, na same ta wurin masu kayan gwanjo a Laranto. Mai sayarwar ya yi ta kuranta ta, wai ta zamani ce, ba ta zubar da ko ɗigo, ba ta fitar da wari, yaro ba ya iya buɗe ta. Bai gaya mini babba ma sai ya yi da gaske ba.

Mahaifiyarmu tana da injin markaɗe a ƙofar gida a Nasarawa Gwom tun kafin a sa ni makaranta. Injin da fetur yake aiki, kuma yadda take zuba masa mai ya daɗe yana tayar mini da hankali. Kan gorar ruwa ta yanke ta mai da shi mazurari, sai ta kafa shi a bakin tanki ta tuttulo daga wani tsohon galan mai murfin leda. Mai ya jiƙa mata zane, ga murhun mai ƙosai taku biyar daga wurin. Na yi faɗa har na gaji, ni kuwa ba a san ni da gajiya da faɗa ba.

Ƙannena maza biyu da ke Abuja sun daɗe suna son ta rufe injin ta koma wurinsu. Ita kuma ta ce a Jos aka haife ta, a Jos za a rufe ta. Daga ƙarshe aka tsaya a kan magana ɗaya: muddin tana iya aikin da kanta babu mai taɓa ta, ranar da ta kasa kuwa za ta tattara kayanta ba musu. Da yake ni ce nake aure kusa, a Gada Biyu, ni aka ɗora wa sa ido.

Wata Asabar da hantsi na iso da jarkar cike da mai, mata sun jera bokitai suna jira. Na tsaya ina nuna yadda ake yi kamar ni na ƙera ta. Ashe sai ka ɗaga ta da hannu ɗaya, ka danne wani ɗan maɓalli da babban yatsan ɗaya hannun, sannan ka tura bakinta a kan tankin da ƙarfi kafin mai ya fito. Na danna, na tura, na jijjiga, ko ɗigo. Na tsine wa wanda ya ƙirƙiro ta ya fi sau uku. Mai ƙosai, wata Bayarabiya da ta goya ni ina jaririya, ta ce, "Anti, wannan jarka ya fi ka wayo." Da ƙyar man ya fito, rabinsa a kan takalmina.

Na ce Mama ta gwada. Ta ce mazurarinta bai yi mata laifin komai ba. Na matsa, ta ɗaga jarkar da hannun hagu, ta tsaya tana kallonta. Na ɗauka taurin kai ne, so take ta kunyata ni a gaban mutane. Raina ya ɓaci, na cusa hannu cikin hijabinta na jawo hannunta na dama don in ɗora yatsan a kan maɓallin da kaina.

Hannun ya biyo ni kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na sake shi, ya faɗi. Na sake ɗagawa na ce ta matse yatsuna, ba abin da ya motsa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na juya ina neman wanda zai taya ni salati, sai na ga duk matan sun sunkuyar da kai. Kowacce ta sani. Mako uku ke nan su suke ɗaga bokitansu suna juyewa a injin, mai ƙosai ce take ja mata igiyar tayarwa. Zuba mai kaɗai ya rage mata, don mazurari yana tsayawa da kansa, hannu ɗaya ya isa. Sau huɗu na zo gidan a makonnin nan, na ci abinci na yi surutu na tafi, ban ga komai ba.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce ta taɓa ta, jininta kuma ya hau sosai, idan aka yi wasa wadda ta fi ta tana tafe. Muna zaune a benci muna jiran magani na ciro waya. Ni ce 'yar farinta, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kullum sai dai "ke". Ran nan ta kira shi, a hankali, sannan ta ce, "Ki rufa mini asiri, kada ki faɗa musu."

Na fita bayan ɗakin magani, inda ba za ta ji ni ba, na kira babban ƙanena.