Matar da Ba Ta Karɓar "Lafiya Lau"

Kullum kafin rana ta yi zafi Inna Mai-Tambaya ta fita, jaka a kafaɗa. Aikinta bin gida-gida tana tambayar mutane yadda suke ganin unguwarsu: ruwan sha, shara, fitilun titi, kwata, tsoron fita. Ni nake zuba amsoshin a kwamfuta a ofishinmu na bincike, kuma na sha yi mata tsiya cewa kowa ya gama layi guda ita tana gidan farko. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi.

Nawar tata da dalili. Mutanenmu, ko rufi na yoyo a kansu, ka tambaye su sai su ce lafiya lau. Sabon ma'aikaci ya rubuta "ba matsala" ya yi gaba. Ita kuwa kujera take nema ta zauna.

Direbanmu ya ba ni labarin shagon wata mai ɗinki, da ƙatuwar kwata buɗe a ƙofarsa. Matar ta ce unguwa lafiya lau, sun gode Allah. Inna ta dubi ƙasa, ta ga 'yar yaye an ɗaure ƙugunta da zani a ƙafar keken ɗinki.

"Ƙanwata, me ya sa kika ɗaure ta?"

Keken ya tsaya. "Yayanta kwatar nan ta tafi da shi da damina. Ita kaɗai ta rage mini."

Inna ta kafe sai da kwatar ta shiga rahoto. An buga shi, an aika wa masu iko. Har yau ba a rufe ta ba, kuma abin yana ci mini rai.

Inna, ke ce kunnen marasa baki. Kin kwashi kukan mutane kin kai inda ya dace, ba laifinki ba ne da aka toshe kunne.

Makon jiya ta koma shagon mai ɗinkin yin sallama. Yarinyar ta fara gudu, an ƙara wa zanin tsawo. Mai ɗinki ta riƙe hannun Inna ta ce, "Yaya, yanzu wa zai zauna ya ji mu?"

Mun gode, Inna, Allah ya saka miki. Ku da za ku gaji jakarta, in an ce muku lafiya lau, ku nemi kujera, ku dubi ƙafar keken.