Dokin da Malam Bai Faɗa Ba

Ban iya rubutu ba, 'yata ce ke riƙe da biro, ni kuwa ina faɗa ina share hawaye. Ta ce in daina kuka ko ta ajiye. Na ce ta rubuta har da kukan.

Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, goro yake sayarwa a kasuwar Garwa, sana'ar da kakansa ya zo da ita daga Najeriya. Bai wasa da salla, bai cin haƙƙin kowa. Aibinsa ɗaya ne, tiyarse, cacar nan ta dawakan da ke tsere a Faransa. Doki yana can ƙasar sanyi bai san da zamanka ba, kai kana ƙarƙashin dalbejiya kana zufa kana rantsuwa ka san halinsa.

Su uku ne a majalisar ƙofar gidanmu: Malam, da wani tela, da wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ya gama aiki a Kuseri ya dawo da Faransanci fiye da hankali. Shi ke karanta musu takardar dawakai, ina jin su daga madafa. Wannan ya huta, wancan an cire masa takalmi, wancan ba ya son laka. Saboda zancen lakar nan, da hadari ya haɗu a Garwa sai tela ya ɗaga kai ya ce a canza doki, fili zai jiƙe. Na taɓa tambaya ta bayan zana ko ruwan Binuwai ne ke gangarawa har Faransa. Ranar da na fara ganin tseren a talabijin ɗin maƙwabta, ashe amalanke dawakan ke ja, kuma an hana su sukuwa. A kan wannan dattawa uku ke ɓata da juna.

Tela da ɗan duwan masu bin fabori ne, wato dokin da kowa ya yarda zai ci. Malam yakan yi musu dariya. "In ya ci ɗin me za ku samu? Duk gari ya hau bayansa, a raba muku abin da bai sayen koko." Shi dokin da aka raina yake nema, wanda darajarsa ta fi yadda aka ɗauke shi. Magana ce mai daɗin ji. Sai dai dawakan nasa sukan iso bayan an share fili an kulle ƙofa.

Akwai babban tseren da ake yi sau ɗaya a shekara, lokacin sanyi. A bara Malam ya daɗe yana shirinsa. Ya ce wa abokansa ya gano wani doki, amma ba zai faɗa ba sai ranar. Kafin ranar ta zo ciwo ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa da hantsi. Ni kaɗai ce a ɗakin.

Ba a gama sadakar uku ba tela ya zauna a shagonsa yana gaya wa duk wanda ya kawo ɗinki cewa Malam ya raɗa mini lambar dokin kafin ya cika, kuma abin da mai barin duniya ya gani ba ya kuskure. Shi a ganinsa yabo yake yi. Unguwa kuwa abin da ta ji daban ne: mutumin ya mutu da caca a bakinsa. Wata mata ta zo gaisuwa ta ce, "Allah dai ya sa ya cika da kyau," tana kallon rufin ɗaki. 'Yata ta dawo daga kasuwa idanunta jawur. Mutumin da ya yi rayuwarsa a sahun gaba na masallaci, wannan ne zai zama labarinsa.

Su kuwa abokan ba su huta ba, don ranar tseren ta matso. Matar tela ta kawo mini fura, ta yi kuka sosai, sannan ta sunkuyo ta ce, "Yaya, ko lamba ɗaya ce ki taimaka." Ɗan duwan ya aiko a tambaye ni ko ina mafarki, in kuma ina yi, wane launi ne dokin.

Ina takaba, ba na fita. Sai na aika a roƙi limamin unguwa ya zo zaure bayan la'asar, a kira mini su biyun. Aka ce tela har da sabuwar hula ya zo. Na zauna bayan labule.

Na ce wa liman, "Allah gafarta malam, ka zama shaida. Ni ce a kan mijina lokacin da ya cika. Kalmar shahada ce ƙarshen maganarsa, da bakinsa ya yi ta, ban laƙƙana masa ba. Bayanta bai ƙara cewa komai ba."

Liman ya ce, "Alhamdu lillahi. Kun ji."

Sai tela ya gyara murya ya ce, "Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. To, sau nawa ya yi ta?"

Ban ga fuskar liman ba, amma na ji ƙarar carbinsa a tabarma. Ya ce, "Tashi ka fita. Lambar doki kake nema a cikin shahada? Fita, kafin in manta gidan makoki nake." Ɗan duwan ya bi bayan tela yana ta ba da haƙuri da Faransancinsa, "pardo, pardo". A daren nan liman ya ba da labarin a masallaci bayan magariba, washegari unguwa ta bar mijina ta koma kan tela. Har yau in ya wuce akan tambaye shi, "Sau nawa?"

Abin da ban faɗa a zaure ba, don ba nasu ba ne, shi ne maganar da ta zo kafin shahadar. Ni bazawara ce lokacin da ya aure ni, 'yar masu bandar kifi daga Lagdo, zannuwana duk warin hayaƙi. Danginsa sun ce ya rasa wadda zai ɗauka. A ranar da zai rasu, ya riƙe hannuna ya ce, "A duk waɗanda aka raina na zaɓa, ke kaɗai kika iso." Na ce, "Kai da dawakanka, har yanzu?" Ya yi dariya har ya sarƙe, na ba shi ruwa.

Aka yi tseren. Na ji an ce fabori ne ya ci, su biyun suka sami abin da bai sayen koko. Dokin Malam kuwa, ko ya iso ko yana can yana jan amalankensa, ba wanda ya sani. Ban tambaye shi ba, kuma da zai dawo yau, ba abin da zan tambaye shi ke nan ba.