Ranar da Kwamfuta Ta Ƙi Karɓar Sunan Ƙauyenmu

Na sha wahala a rayuwa, amma wahalar da na sha a kwana ukun nan na rajistar taki a Funtua, da abin da ya biyo bayanta, ba zan manta ba har a sa ni a rami. Ni ba ɗan boko ba ne, aji uku na yi na koma gona. Yadda abin ya faru haka zan faɗa, ba kwalliya.

Ƙauyenmu gida goma sha ɗaya ne, kuma sunan kakanmu yake amsawa. Bamaguje ne, shi ya sare dajin da hannunsa, ya gyara fadamar da ke bakin rafi, wadda a cikinta muke noman tumatir da albasa duk rani. A tsallaken rafin akwai wani babban ƙauye. Tun muna yara suke cewa mu baƙinsu ne, a ƙasarsu muka sauka, fadamar ma aro ce. Mu kuma muna cewa ƙarya ne, kakanmu bai taɓa durƙusa wa mai unguwarsu ba. Duk sanda aka je gaban dagaci, baki ne da baki, ba mai takarda, sai a ce kowa ya riƙe inda yake.

A shekarar aka yi shelar cewa za a rubuta sunayen manoma don a ba su taki da iri. Yayana ne babbanmu, amma ƙafarsa ta kumbura, sai aka tattara katunan shaidar magidanta a leda aka ba ni, tunda ina da mashin. Rana ta farko janareta ya ƙi tashi. Rana ta biyu layi bai kai kaina ba. Ta uku sai bayan azahar na shiga, ban sa komai a cikina ba sai ruwan leda.

Wata Hajiya ce a gaban kwamfutar, irin babbar nan ta kan tebur. Daga ganin idonta ita ma ta gaji. Ta karɓi katin yayana ta buga sunansa, ya shiga. Ta buga ƙaramar hukuma, ta shiga. Da aka zo wurin ƙauye, akwai wani ɗan akwati a allon, tana taɓa shi sai sunayen garuruwa suka zubo ƙasa kamar an saki asabari. Ta tambaye ni sunan, na faɗa. Ta danna harafi ɗaya, sunayen suka ragu. Ta danna na biyu, saura kamar huɗu. Ta danna na uku, sai kwamfutar ta yi ƙara, ƙit, harafin ya ƙi fitowa. Ta goge ta sake. Ƙit.

Na ce, "Hajiya, ki danna da ƙarfi mana."

Ta ce, "Malam, ba ƙusa nake bugawa ba. Ƙauyenku ne babu a ciki."

"Babu kamar yaya? Daga can na fito da safen nan."

Ta juyo min da allon, kamar zan gane wani abu. Ta ce waɗanda suka haɗa abin sun kulle akwatin ne da gangan. Duk harafin da ba zai kai ka ga wani suna da ke cikin jerin ba, ba ya bari ya shiga. Wai a da mutane na ƙirƙiro ƙauyukan da babu su don su kwashi taki, shi ya sa aka yi haka. Na ce to ta rubuta da biro a gefe. Ta ce gefen me? Na ce ta tsallake wurin. Ta gwada a gabana, ya ƙi wucewa.

"Wa ya rubuta jerin? A kira shi ya zo ya ga ƙauyen."

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Da na san shi, da ni zan fara zuwa gidansa. Kai ne na shida yau."

A baya mutane sun fara hayaniya. Wani ya ce, "Baba, in garinku na aljanu ne ka matsa mana!" Aka yi dariya. Hajiyar ta ce, "Wane babban ƙauye ne kusa da ku? In sa ku a ƙarƙashinsa, ku dai samu takinku." Sai na faɗi sunan ƙauyen mutanen tsallaken rafi. Ta danna harafi biyu kawai, sunan ya fito da kansa cikakke, kamar dama jira yake.

Ta tambaye ni, wannan ba zan ɗora mata ba. Ta ce, "Malam, in sa? Ka yarda?" Na tuna kwana uku, na tuna man da na ƙona, na tuna hadarin da ya fara haɗuwa a gabas, ga masara ba ta jiran kowa. Na ce a raina ai taki ne kawai, wa zai duba? Na ce, "Sa." Sau goma sha ɗaya ta zaɓi sunan nan, sau goma sha ɗaya ina tsaye ina kallo. Aka buga takardu da hotunanmu aka ba ni.

Da na dawo gida yayana ya ce, "An yi?" Na ce, "An yi, Yaya." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na tura takardun ƙarƙashin katifa.

Abin da ban sani ba, takin ba Funtua za a je ɗauka ba. Ƙauye-ƙauye aka raba shi, kowane mai unguwa da jerin mutanensa. Sai ga ɗan aike daga tsallaken rafi, wai mu zo mu karɓi rabonmu. Muka je ƙofar gidan mai unguwar, wurin da ubanmu bai taɓa zama ba. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo ruwa, yana ta fara'a. Aka riƙa kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'arsa. Da aka gama ya ce, "Madalla da mutanena. Ashe kun dawo gida." 'Yan'uwana suka zaci tsokana ce irin tasa. Ni kaɗai na san abin da ke cikin takardar da ya ninke ya sa a aljihu.

Damina ta yi kyau, masara ta yi, kowa ya gode min. Ni kuwa ban ji daɗin godiyar ba.

Ruwa na janyewa, muna shirin dashen tumatir, sai ga sammaci daga dagaci. Aka ɗauki yayana a mashin aka kai shi. Mai unguwar bai yi dogon bayani ba, takardar kawai ya miƙa. Aka karanta: ga sunan yayana, ga hotonsa, a wurin ƙauye kuma sunan ƙauyen mai unguwar. Haka har goma sha ɗaya. Dagaci ya ce, "Wa ya kai sunayen?" Na miƙe. Ya ce, "Tilasta ka aka yi?" Na fara bayanin akwati da harafin da ya ƙi shiga da ƙarar da take yi. Ni kaina da na ji maganar a bakina, na san ba ta da ƙafa. Dagaci ya ce shi bai san akwati ba, ya dai ga mutane sun rubuta kansu a ƙarƙashin mai unguwa, sun je ƙofarsa sun karɓi kaya. Tunda haka ne, rabon fadama a hannun mai unguwa yake. A wurin aka yanke mana ɓangaren da ya fi ruwa aka ba mutanensa.

Muka dawo gida da yayana. Bayan la'asar yana zaune a zaure, ya miƙe ƙafar, na durƙusa na ce, "Yaya, wallahi injin ne ya ƙi. Sau nawa aka gwada."

Ya ce, "Na ji. Injin ya ƙi sunanmu. To da aka kawo nasu, injin ne ya ce a sa, ko kai?"

Bai jira amsata ba. Ya ce, "Da ka dawo hannu wofi, da shekara ɗaya za mu yi ba taki. Tashi ka ba ni wuri."

Har ya rasu bai sake tayar da maganar ba, kuma bai sake aikena ko'ina ba. Na ji an ce daga baya an ƙara sunan ƙauyenmu a jerin. Fadamar dai ba ta dawo ba.

Abin da na koya, na'ura ba ta san kowa ba, abin da aka zuba mata shi take bayarwa, in ta ƙi ta ƙi. Mutum ne yake gajiya ya ce to. Kuma abin da ba naka kai kaɗai ba ne, ba ka da ikon cewa to a kansa, ko da layi na zaginka, ko da yunwa na cinka. Ka dawo gida ka tambaya.

Washegarin hukuncin dagaci da sassafe na ɗaura wa shanu amalanke na gangara fadama. Na kwance injin ban ruwanmu, na naɗe tiyo, na tuge irin tumatirin da muka yafa na zuba a kwando. Mutanen tsallake suna can tsaye da igiyar awo, suna jira in gama. Ba wanda ya zo taya ni daga gida, ni ma ban kira kowa ba.